Karkarwar Sabuwar Motar Yaya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan, amma karkarwar da sabuwar motar yayana ta yi mana ba ta cikinsu, kuma ba za ta taɓa shiga ba. Motar an sayar da ita tuni. Duk da haka, har yau in na hau abin hawa na ji kujera ta ɗan girgiza, sai dariya ta taso mini.

Yaya ɗan kasuwa ne. Shi da amininsa na tun yarinta suka haɗa jari, suna sayo shanu ta Kongolam, can bakin iyakar Nijar, suna lodawa zuwa Kudu. Ni kuwa direbansa ne, wato ƙanin da aka rasa yadda za a yi da shi aka miƙa masa makulli. Shekarar da kasuwa ta yi musu kyau, Yaya ya sayo mota dal, irin manyan nan masu ja da ƙafa huɗu da ake cewa babu yashin da ke tsayar da su. Ranar da ta iso unguwarmu a cikin garin Daura, jama'a suka cika ƙofar gida kamar ana rabon taki. Aminin Yaya ya zo da fara'arsa, ya zagaya ta, har ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi yana yaba tsayinta, sannan ya yi addu'a ya tafi. Kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, yana gefe yana kallon kowa da wutsiyar ido. Shi Kawu a duniya bai yarda akwai abin da ke faruwa haka kawai ba. Ko tuntuɓe ka yi, akwai wanda ya turo dutsen.

Daga Kano zuwa Daura motar ta zo lafiya lau. Bayan 'yan kwanaki muka ɗauki hanyar Sandamu, na ɗan taka totur. Allura na kusantar tamanin sai na ji wani abu yana tasowa daga ƙarƙashin kujera, ba ta sitiyari ba. Madubi ya fara rawa, gorar ruwa ta fara rawa, tumbin Yaya da hularsa suka bi sahu. In na sassauta sai ta yi luf kamar ba ita ba.

Ba a ɓata lokaci ba aka gano mai laifi na farko: ƙafata. Yaya ya ce na saba da tsofaffin gwangwanaye, ban san yadda ake lallaɓa mota mai daraja ba. Ya karɓi tuƙin da kansa, ta girgiza shi har haƙoransa suka haɗu. Ni kuwa na yi ladabi na maida ido kan gonakin gero.

Aka koma kan mai. Aka tsiyaye tanki kaf, masu janareta na unguwa suka yi salla ba wata. Ta ci gaba da karkarwa. Aka kai tayoyi aka daidaita, aka sake daidaitawa, har mai aikin ya fara gaishe mu da “an sake dawowa?” Dillalin da ya sayar da ita ya ce a waya motocinsa ba sa karkarwa, titunanmu ne ke yi. Akwai bakanikai a garin nan masu ramin duba ƙarƙashin mota, amma Yaya ya rantse baƙin hannu ba zai taɓa ta ba, wai ita motar kwamfuta ce. Don haka aka ɗauko wani ƙwararre daga Katsina, mai farar riga da na'ura a jaka. Ya zauna a kujerar gaba cikin sanyin esi, ya jona waya, ya daddanna, ya sanar da mu cewa motar lafiyarta ƙalau. Yaya ya tambaye shi ko na'urar tana da mazaunan da za ta ji abin da muke ji. Ya ce babu. Aka sallame shi da godiya.

Nan fa fili ya zama na Kawu. Ya ce tunda na'urar Bature ta gaza, ai magana ta fito: ba ciwon ƙarfe ba ne, hannu aka sa. Wata yamma a zaure ya rage murya ya tambayi Yaya, duk cikin waɗanda suka zo ganin mota, wa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta?

Da ma Yaya ya yi dariya. Bai yi ba.

Motar ta sha magani fiye da mai jego. An turara ta, an yayyafa wa tayoyinta rubutu, an tofa a ruwan lagireto. Ni da ke tuƙa ta sai da tufafina suka koma warin hayaƙi. Ita kuwa ko a jikinta. A ɗaya gefen kuma, Yaya ya daina ɗaga wayar amininsa. Kwanon abincin da matansu ke aika wa juna ya tsaya. Da mutumin ya gaji ya zo har zaure ya tambayi laifinsa, Yaya ya ce ya je ya tambayi zuciyarsa. Ina tsaye a wajen. Mutumin ya sa takalmansa ya fita. Kafin wata ya ƙare sun raba shanun, kowa ya kama gabansa. Mutanen da tare aka yi musu kaciya, karkarwar kujera ta raba su.

Ana nan sai wani abokin cinikinsu ya rasu a wani ƙauye gaba da Babban Mutum, muka tafi gaisuwa, ni da Yaya da Kawu. Muna sauka daga kwalta muka shiga wani kwari mai yashi, motar nan da ba yashin da ke tsayar da ita ta tsaya cak. Akwai wani maɓalli da ke sa ƙafafun gaba su kama, amma tun ranar farko Yaya ya hana a taɓa shi kada a lalata masa mota, shi ya sa babu wanda ya san yadda ake yi da shi. Na taka, ta haƙa. Na sake takawa, ta zauna daram a kan cikinta.

Rana ta take, sai ga tsohuwar a-kori-kurar aminin Yaya tana tahowa, shi ma gaisuwar zai je. Na ɗauka zai wuce, don in ni ne wucewa zan yi har da hon. Ya tsaya, ya yi sallama, bai jira an amsa da kyau ba ya jefo mini igiya da shebur.

Na kwanta rub da ciki ina yashe yashin da ke ƙarƙashi. A nan na gan shi. Akwai wani dogon ƙarfe mai kama da bututu da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, wanda direbobi ke kira farfela. A tsakiyarsa an ɗaure wani ƙunshi kamar dunƙulen hannu, cikin jar fata, da ɗan kwaɗo a jiki, an naɗe da waya da robar taya tamau. Wanda ya yi ɗaurin nan ya ji tsoron Allah a aikinsa. Na ari filaya na yanke, na fito da shi.

Yaya ya karɓa, ya miƙa shi saitin fuskar amininsa. “To, Alhaji, yau kuma me za ka ce?”

Mutumin ya dubi layar, ya ce bai taɓa ganinta ba. Muka juya wajen Kawu, muna jiran ya yanke hukunci. Kawu dai ya ƙura wa jar fatar ido yana shafa gemu. Can ya tambaye ni a ina na ciro ta. Na gaya masa. Ya yi gyaran murya.

“Wai shi wannan ƙarfen, juyawa yake yi?”

Na ce, “Kawu, in mota na gudu ya fi fanka juyawa.”

Ya ce shi dai ya ga ƙarfe mai kauri ne a ɓoye, inda ido ba ya kaiwa. Ashe washegarin zuwan motar, ana masallaci, ya rarrafa da tsufansa ya ɗaura mata kariya daga bakin mutane. Wanda ya ba shi ya ce in ya faɗa wa wani ta karye, shi ya sa ya yi gum. Da ta fara karkarwa kuwa, sai ya ƙara tabbata cewa maƙiya sun kawo hari, layar ce ke kokawa da su.

Aminin Yaya ya ɗaura igiya, ya ja mu muka fita. A hanyar dawowa na taka motar iya son raina, ko gezau, sumul kamar a kan katifa.

Yaya ya je har gida ya ba da haƙuri, da rakiyar dattawa. Mutumin ya ce ba komai, ya yafe, kuma na yarda ya yafe ɗin. Suna gaisawa, suna zuwa sunan juna da jana'iza. Amma jari bai sake haɗuwa ba, kuma bai ƙara zama a zaurenmu ba. Kawu kuwa har ya koma ga Allah yana cewa layarsa ta yi aiki, tunda duk zamanta a jikin motar ba mu yi haɗari ba. Gaskiyarsa. Wa zai yi haɗari a motar da ba ta yarda a yi gudu?

Abin da na koya shi ne, zargin mutum ya fi durƙusawa sauƙi. Mun kira ƙwararre, mun zubar da mai, mun ƙona turare, mun kori amini, duk don kada babbar riga ta taɓa ƙasa. Yanzu in wani abu ya fara girgiza a rayuwata, kafin in fara lissafa maƙiya sai na kwanta na leƙa ƙarƙashi tukuna. Sau da yawa abin da na tarar a can, mai ƙaunata ne ya ɗaura shi.