Rigar da Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Sau uku na ɗaura kwamfutata a bayan babur daga Kusada zuwa Kankia, sau ukun kuma tana ba ni kunya a gaban mai gyara. A gida ba ta wuce minti ashirin cikin wasa sai allo ya yi baƙi, fanka ta yi kururuwa, komai ya ɗauke ɗif. Amma da an ɗora ta a teburin shagonsa sai ta yi ta aiki kamar ba ita ba, irin majinyacin da zazzaɓinsa ke guduwa da ya ga likita.

Ƙanena ne ya haɗa mini ita kafin aiki ya kai shi Fatakwal. Ya sa mata wani abu da ya kira katin hoto, wani faranti mai fanka biyu, ya ce shi ke zana duk abin da ake gani a allo in ana wasa. Kowace Asabar bayan la'asar nakan jona ta da intanet ɗin wayata mu buga ƙwallo ni da shi, muna magana ta abin kunne. Mu ba mutanen hira a waya ba ne. In na kira shi, daga "ya aiki" sai "ya garin" sai shiru. Amma in ana ƙwallo sai ya yi awa biyu yana tsokanata, a cikin tsokanar kuma yake tambaya ko na ci abinci. Tun da maiɗakina ta rasu, muryarsa ce kaɗai ke shiga ɗakina. Ina koyarwa a makaranta, ina gaisawa da jama'a a masallaci, amma gaisuwa daban, magana daban.

Matsalar ta fara ne a bazarar da ta biyo bayan rasuwar. Ƙanena ya ce in sabunta manhajar katin, na sabunta. Ya ce in rage kyan hoton wasan, na rage har 'yan ƙwallon suka koma kamar an sassaƙa su da gatari. Ya ce wataƙila wuta ce, na kira wanda ya haɗa mini sola ya auna batir, ya ce ƙalau yake. Ranar da kwamfutar ta mutu sau huɗu a yini ɗaya, sai ya ce, "Yaya, mu ɗan dakata har ta gyaru." Gaskiya ya faɗa, amma raina ya ɓaci. Asabar biyu suka wuce ba mu yi magana ba. Na ji tsoro ƙwarai, domin na san halinmu: in muka saba da shiru, shi ke nan.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Duk sanda kwamfutar ta kusa mutuwa, sai in ji ƙamshin turaren wutar maiɗakina ya cika ɗakin. Na ɗauka kewa ce ke wasa da hankalina, sai in yi mata addu'a in ci gaba.

Ita tela ce, kuma ba ta yarda wani abu mai daraja ya zauna tsirara a ɗakinta ba. Keken ɗinkinta na da riga, talabijin na da riga, har fulas ɗin shayi. Da kwamfuta ta shigo gidan, ba a yi mako ba ta auna ta da tef, ta ɗinka mata riga ninki biyu daga ragowar atamfarta, ta sa soso a tsakani, ta bi bakin da leshi. Duk sanda zan tafi Kankia nakan cire rigar in ninke in ajiye a kan gado, don kada hanya ta ɓata ta. Da na dawo, kafin in sha ruwa nake mayar mata da abarta.

Mai gyaran dattijo ne, ya fara da rediyo tun ban san hannun dama ba, ya bi zamani har ya iso kwamfuta. Zuwan farko ya hure ƙura, ya zare katin ya goge ƙafafunsa ya mayar. Zuwa na biyu ya kankare busasshen man da ke tsakanin katin da ƙarfen sanyaya shi, ya shafa sabo. Zuwa na uku ya kunna wasan ya bar shi awa guda, mu biyu muna zaune muna kallon lambar zafi a gefen allo, ba ta ko motsa ba.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Malam, abin ga lahiya lau shike. In shina mutuwa kana jin ƙauri?"

Na ce a'a. Ban yi ƙarya ba, ba ƙauri nake ji ba.

"To ciwon ba cikin shi shike ba, gidanka shike. In ka koma ka aje shi yadda ka saba, kar ka taɓa komi, ka ɗauko mani hoto."

Na yi ta gunaguni a hanya, ina cewa tsoho ya rasa abin faɗi. Amma na yi yadda ya ce, na tura masa hoton. Ko minti biyu ba a yi ba ya kira, yana dariya har da tari.

"Malam! Bargo ka lulluɓa mashi cikin bazara? Ta ina za shi sha iska? Ai ko kai aka yi ma haka sai ka suma. Wa ya yi wanga aiki?"

Na ce, "Maiɗakina ce. Allah ya yi mata rasuwa."

Dariyar ta tsaya. Ya yi mata addu'a, sannan a hankali ya tambaya ko da ma haka nake kunna kwamfutar tun maiɗakina tana raye.

Sai a lokacin na tuna. Duk Asabar, da ta ga na ja kujera, sai ta zo ta zare rigar ta ninke a cinyarta, ta zauna bakin gado tana cewa, "Malam, yau ma ƙanenka zai lallasa ka?" In an gama ta mayar. Shekara biyu tana yi, ni ban taɓa ɗaukar hakan aiki ba. Da ta tafi, sai na riƙa zura hannu ta ƙarƙashin rigar in danna maɓalli kawai. Ƙamshin nan kuwa ba hankalina ba ne. Atamfar ta sha turaren ɗakinta, zafin katin ne ke fito da shi.

Kafin ya kashe wayar ya gargaɗe ni: duk mutuwar da zafi ya jawo tana rage wa katin kwana, wata rana zai ɗauke ba zai sake tashi ba, kuma irinsa ba a samu nan kusa.

Asabar ta zagayo na cire rigar da hannuna. Muka yi awa biyu cur ba ko gezau. Ƙanena ya ci ni huɗu da ɗaya, ya ce tsufa ne, ya tambaya ko na ci abinci. Na yi farin ciki, wallahi na yi. Sai dai har muka gama ɗakin ba ya ƙamshin komai.

Na san abin da nake yi ba daidai ba ne, kuma ƙanena bai sani ba. Ranar Lahadi da yamma nakan mayar wa kwamfutar rigarta, in kunna wasan ni kaɗai, in bar 'yan ƙwallon tsaye a tsakiyar fili, in ɗora agogo a kan tebur. Da ƙamshin ya taso sai in shaƙa sau biyu ko uku, in yi maza in zare rigar kafin allo ya yi baƙi. Da farko a minti goma yake zuwa. Makon jiya sai da na kai sha takwas.