Bashin Inshora da Kunnena na Hagu

Tallafin karatun da ya kai ni Doha na kuɗin makaranta ne kawai. Ci da wurin kwana da inshorar lafiya duk a wuyana suke. Makarantar ce kafil ɗina, wato ita ke tsaye a kan takardun zamana a ƙasar, kuma dokarta ce duk ɗalibi baƙo ya biya inshora kowace shekara kafin katinsa na asibitin gwamnati ya yi aiki. Shekarar farko ban ji nauyin abin ba. Ina bin gidajen wasu 'yan Najeriya a Al Rayyan ina koya wa 'ya'yansu Alƙur'ani da lissafi, abin da nake samu yana riƙe ni, har nakan tura wa mahaifiyata ɗan na cefane.

Sai korona ta shigo. Iyayen yaran suka riƙa kira ɗaya bayan ɗaya: "Malam, a dakata tukuna sai abin ya lafa." Ban ga laifinsu ba, amma abincina ke nan ya yanke. Na bar ɗakin da nake haya, na koma Fereej Abdel Aziz, cikin wani ɗaki mai gadaje hawa-hawa da 'yan arewa ke kwana, yawancinsu masu gadi. Babbanmu wani dattijo ne mutumin Gombe, mai gadin wani babban kanti, kowa Baba yake ce masa. Akwai kuma direban da ke dakon kayan gwari daga kasuwar Abu Hamour. Tumatirin da ya fashe da albasar da ta fara tsiro su ne miyarmu a lokacin kulle.

A cikin wannan hali wa'adin inshorata ya cika. Saƙon tuni ya shigo wayata, na duba abin da ke hannuna, na ga in na biya ba ni da kuɗin gado. Na rubuta wa ofishin ɗalibai ina roƙon a ɗaga mini, ko a bar ni in riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ofishin a rufe yake. Amsar da ta dawo ta na'ura ce: sun samu saƙona, suna yi mini fatan lafiya. Na sake rubutawa, aka sake yi mini fatan lafiya.

Ciwon kunnen da mura ya fara. Murar ta tafi, kunnen hagu ya toshe, daga baya ya koma zogi kamar ana soka mini tsinke. Da na kasa haƙuri na tafi ƙaramin asibitin unguwa. Matar da ke kan tebur ta karɓi katina, ta duba kwamfuta, ta turo mini shi ta ƙarƙashin gilashi.

"Katinka ya mutu. Kana zazzaɓi? Tari?"

Na ce a'a, kunne ne.

"To sai ka sabunta, ko ka biya kuɗin wanda ba shi da inshora."

Ta faɗi kuɗin, na yi godiya na fito. A bakin ƙofa layin masu gwajin korona ne, su ba a tambayarsu kati. Allah ya gafarta mini, ranar har na yi fatan da ma ita ce ta kama ni, da an kwantar da ni kyauta, wataƙila wani likita ya leƙa kunnen a kan hanya.

Baba ne ya zama likitana. Yakan ɗumama man zaitun a cokali, ya sa in kwanta ta gefen dama, ya ɗiga mini, ya toshe da auduga. "Malam, ka yi haƙuri," in ji shi, "ni ma haka nake yi wa nawa a gida." Na sayi maganin ɗigawa a kemis. Wata safiya na tashi na tarar da matashina ya jiƙe da ruwa mai wari, zogin kuma ya tafi. Na yi murna, Baba ya yi hamdala. Ba wanda ya sani a cikinmu cewa dodon kunnen ne ya fashe.

Da aka sassauta kulle, gida ɗaya ne kawai ya mayar da ni koyarwa. Na yi ta ƙulle ɗan abin da nake samu har ya kai kuɗin shekara guda, na ɗauka na nufi ofishin ɗalibai. Ma'aikacin ya ce sai na haɗa da na shekarar da ta wuce, a dunƙule.

"Shekarar da aka kore ni daga asibiti?" na ce. "Ita zan biya?"

"Ba ni na tsara ba. Haka kwamfuta ta nuna."

"To karɓi wannan, ka buɗe mini katin, sauran in kawo."

"Ba ta karɓar rabi. Khalas, shi ke nan, ɗan'uwa, akwai mutane a bayanka."

Ba a jima ba suka toshe mini rajistar zangon gaba saboda bashin. Kuɗin da na tara kuwa, haya da abinci suka cinye shi. Idan mahaifiyata ta kira ta ce, "Ana ta nuna garinku a talabijin, Allah ya yi maka albarka," sai in ce amin. Me zan gaya mata? Ita a ganinta ɗanta yana inda ko tsintsiya da zinariya aka yi ta.

Kunnen ya ci gaba da zubar da ruwa, ya tsaya, ya dawo. Na saba da yawo da auduga a aljihu. A masallaci na fara lura idan na tsaya ta wani gefen ba na jin karatun liman sosai.

Gasar cin kofin duniya ce ta biya bashin. Aka ɗebi ɗalibai aikin wucin gadi, aka kai ni filin wasa na Al Rayyan, aka sa mini riga mai ƙyalli, aka ba ni lasifika, ina nuna wa 'yan kallo hanyar jirgin ƙasa. Yalla, yalla, a yi maza, ta nan. Duniya duka ta zo. Akwai tantin likitoci kusa da inda nake tsayawa, fari tas, da motar asibiti a gefe. Na ga wani baƙo da takalmi ya ɗan goge wa diddige, ma'aikata biyu suka durƙusa a gabansa suna naɗa masa bandeji. Da na samu sarari na shiga na ce a duba mini kunne. Saurayin da ke ciki ya saurare ni da ladabi, ya ce su na abin da ya faru a filin ne kawai, tsohon ciwo sai asibiti. Na koma bakin aikina. Duk lokacin da aka ci ƙwallo filin ya ɗauki ihu, ta dama kaɗai nake jin sa. Ta hagu sai wani gurnani can ƙasa, kamar na nutse a rijiya.

Bayan gasar aka biya mu. Na kai kuɗin ofis a dunƙule, har da na shekarar da muke ciki. Kafin in kai bakin titi saƙo ya shigo cewa katina ya dawo aiki. Haka abin yake da sauƙi.

Likitan kunnen da aka tura ni wurinsa Bahaushe ne, mutumin Kano. Ya daɗe yana haska kunnen, ya sa aka yi mini gwajin ji, sannan ya ajiye abin hannunsa.

"Malam, tun yaushe?"

Na gaya masa.

"Inna lillahi. Me ya hana ka zuwa?"

"Inshora, ranka ya daɗe."

Ya ce da farko maganin sha na 'yan kwanaki ne da ya kashe abin. Yanzu ciwon ya ci ƙananan ƙasusuwan ciki. Za su yi aiki su tsayar da ruɓar, amma kada in sa rai jin zai dawo yadda yake. Ya ƙara da cewa da na nemi 'yan uwa 'yan Najeriya da ke nan, da ba su bar ni haka ba. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Sai dai a gidajen irinsu nake koyarwa, sun ga audugar a kunnena, babu wanda ya taɓa tambaya.

An yi aikin, ruwan ya tsaya. Baba ya raka ni, ya yi asarar aikin yini, ya kuma yi ta ba ni haƙuri a kan man zaitun, har sai da na rantse masa ba shi ya jawo ba.

Na kammala digirin a makare. Ranar kare kundina, malamin da ya fi kowa tambaya ta haguna ya zauna. Ya yi tambaya ban ji ba, na ce ya maimaita. Ya maimaita, na sake roƙo. Na ga ya dubi abokin aikinsa, ya ɗauka dabarar jan lokaci nake yi. Sai na tashi na juya kujerata gaba ɗaya, na ba shi kunnen dama, na ba sauran malaman baya, a haka na amsa tambayoyin har aka tashi.