Ranar da Cleotis Varnado Ya Matsa Gefe

Duk wanda ya taɓa kawo taya faci a garinmu ya san Cleotis Varnado. Shi ne ƙaton nan mai ɗingishi da ke cicciɓar tayar tirela kamar faifai, ba ya magana sai an tambaye shi. Baƙi kan ce masa, "Kai da wannan jiki, ai da ƙwallo ka buga." Sai ya ce, "Na buga," ya ci gaba da aikinsa. Mu kuwa sai mu kalli juna, don a wannan yanki na Mississippi ba wanda ya manta irin bugun da ya yi.

Ni nake yi masa aski tun kansa bai kai madubi ba. Ubansa Roscoe a kamfanin figar kaji ya ƙarar da ƙarfinsa, uwarsa Ozella kuma tana dafa wa 'yan firamare abinci. Jami'a ta ɗauki yaron kyauta saboda girman jikinsa, don ya buga mata ƙwallon Amurka, irin ta jifa da karo, aka sa shi a katanga, cikin ƙattai biyar ɗin da ke tare abokan karawa har mai jifa ya samu sararin jefa ƙwallo. Shi ne na ƙarshen hagu. Mai jifa da hannun dama ƙeya yake juya wa hagu, ba ya ganin abin da ke tafe masa ta can. Ransa a hannun mai tsaron wurin yake.

Mai jifan nasu kuwa Brantley Haskew ne, ɗan wani dillalin motoci, mai haƙora farare tas da hoto a kowane allon talla. Jaridu sun gama yanke hukunci cewa idan manyan ƙungiyoyi suka zauna zaɓen sababbin 'yan wasa a watan Afrilu, a sahun farko za a kira shi. Hannu kam yana da shi, ba zan yi masa ƙarya ba. Kunya ce Allah bai ba shi ba.

A wannan wasa akwai abu biyu da ko yaron goye ya sani. Mai jifa shi ke ciyar da katangarsa kowace Alhamis, kuma ko sau goma aka kayar da shi, a gaban 'yan jarida cewa yake laifinsa ne. Mutanen da ba a ambaton sunansu in an ci, ba a ambatonsu in an faɗi.

A shekararsu ta ƙarshe, Cleotis ya buga wani wasa da gwiwa a kumbure, sai da aka yi masa allura. Wani ya kufce masa sau ɗaya tak, suka sha kashi. Aka ɗora wa Brantley makirufo, sai ya ce, "Ku tambayi Varnado. Ni dai ban iya jifa a kwance ba. Wataƙila sai an rage masa kajin da babansa ke figewa." 'Yan jarida suka kwashe da dariya.

Roscoe yana gadon asibiti a lokacin, huhunsa ya gama lalacewa, ma'aikatan jinya sun kunna masa talabijin don ya ga ɗansa. Ya ji komai. Ya ce a kashe, ya juya wa bango fuska. Bai sake kallon wani wasa ba har aka binne shi. Alhamis ɗin da ta biyo bayan maganar, mutum huɗu Brantley ya gayyata cin abinci, ban da Cleotis. Ranar jana'iza kuma furanni ya aiko, direban babansa ya kawo.

A shagona tsofaffi suka yi ta tafasa. Wani ya ce a fasa wa yaron baki, wani ya ce a je a farfasa gilasan motocin ubansa. Cleotis yana kan kujera, ya ce, "Kawu, ɗan rage min gefen nan."

Sai ya koma ya buga ragowar wasannin fiye da yadda ya taɓa bugawa. Ko ƙuda bai sauka a rigar Brantley ba, sunan ɗan banzan sai ƙara hawa yake. Abin ya ci mini rai matuƙa. Da ya zo hutu na tare shi.

"Kai wane irin ɗa ne? An ci mutuncin ubanka, kai kuma ka zama laima?"

"Kawu," ya ce, "Baba ya sha faɗa min, ba a yanka kaza sai ta yi ƙiba."

Wasan ƙarshe na cin kofi ne, wakilan manyan ƙungiyoyi sun cika benci, duk don Brantley suka zo. Abokan karawar suna da wani dogon yaro ɗan Louisiana, nauyin bijimi, gudun barewa, kuma Cleotis ne zai tare shi. Aka fara. Brantley ya ja da baya, ya ɗaga hannu cikin isa. Cleotis ya matsa dama, rabin taku kawai, dogon yaron nan ya wuce ta gefensa. Har a shagona, ta cikin talabijin, mun ji ƙarar karon. Ƙwallo ta yi nata wuri, Brantley ya yi nasa.

Wani abokin wasansu ya ba ni labari daga baya, ya ce Cleotis ya sunkuya ya miƙa wa Brantley hannu, ya ce, "Sannu, maigida. Kajin ne suka yi min nauyi."

Sau biyu ko uku kaɗai ya sake buɗe ƙofar. Sauran aikin tsoro ne ya ƙarasa. Brantley ya koma jifa tun kafin lokaci, yana danƙa wa abokan karawa ƙwallo a hannu, kowane taku sai ya waiga hagu. Ya yi ta zagin mutanensa a idon duniya, ya doka hularsa da ƙasa. Wakilan nan kuwa suna yafe wa hannun da ya kuskure, amma ba sa sayen mai jifan da ke waige.

Afrilu ta zo. Uban Brantley ya kama babban ɗakin taro, ya gayyato masu ɗaukar hoto. Ranar farko ta wuce, ba a kira Brantley ba. Ta biyu ta wuce. Ni kam na ji daɗi, ban kuma ɓoye ba, ranar kyauta na yi wa mutane aski. Yau yana can yana sayar wa babansa tsofaffin motoci, har yanzu da haƙoransa farare.

Rana ta uku a gidan Ozella muka yi ta, don an daɗe da shaida wa Cleotis cewa wata ƙungiya za ta ɗauke shi a sahun baya. Ta soya tarwaɗa, ta gasa burodin masara, maƙwabta suka cika falo, wayar Cleotis tana kan tebur ana jiran kira. Sai dai hoton wasan da wakilai suka yi ta maimaitawa don ganin faɗuwar Brantley, shi ne ya nuna musu ta gefen wa aka shigo. Aka kira suna na ƙarshe, ba na Brantley ba, ba na Cleotis ba. Mutane suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Ina ɗaure takalmi a baranda na ji Ozella ta fito ta tsaya a kan Cleotis, yana zaune can gefe.

"Cleotis, dube ni. Da gangan ka yi?"

"E, Mama."

"Ka san kai ma za su gan ka?"

"Na sani tun kafin in matsa."

Ta ce, "Wato ka cinna wa gidanka wuta don nasa ya ƙone."

"Nawa bukka ce, Mama," ya ce. "Nasa bene ne. Kuma na tsaya na ga faɗuwarsa."