Ruwan da Gimba Ya Ƙi Zubarwa

Mijina Gimba ba ya iya kallon ruwa yana zubewa. A ƙauyensu sai an yi tafiyar awa guda kafin a cika tulu, shi ya sa har yau a gidanmu na Withington, nan ƙasar Turawa, ko ruwan wankin shinkafa sai ya kai wa shuka. Na yi mita har na gaji.

Shekararsa goma sha tara a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, na wata jami'a. Ana kawo musu baƙin yashi mai kwalta daga Kanada, shi ke haɗa wa ɗalibai kayan gwaji: a zuba ruwan zafi a dama, kwalta ta taso kamar kumfar tukunya, yashi ya kwanta. Doka ce, kowane gwaji da sabon ruwa. To, bawan Allahn nan sai ya fara tara tsohon a jarkoki, in ya kwanta ya yi garau ya sake dafawa. Wai ai ruwa ruwa ne.

Ashe a tsohon ruwan akwai lakar da ido ba ya gani, tana hana kwalta tasowa. Mako biyar gwajin Celestina yana lalacewa, wata ɗaliba 'yar Jos da ke ce masa Baba. Malaminta ya ce laifinta ne, in ba ta gyara ba za a sallame ta, biza ta tafi. Ranar da Gimba ya ji tana kuka a waya, wai za ta koma gida, ya gwada da sabon ruwa. Kwalta ta taso tsaf.

Ya dawo ya kasa cin abinci. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma ba wanda ya sani. Wallahi ni na ce ya zubar da ruwan ya ja bakinsa; har yau ina jin kunyar wannan magana. Da safe ya dire jarkokin a ofishin malamin, ya faɗa masa gaskiya.

Aka cire shi daga lab aka mai da shi sito. Ita aka ƙara mata wata huɗu ta sake gwajinta.

Ranar Lahadi ta zo gidanmu daga coci, ta durƙusa ta gaishe shi. Na zaci faɗa ta kawo, har na gyara tsayuwa. Sai ta ce, "Baba, ni kaina na yarda ba ni da ƙwaƙwalwa. Da ka yi shiru, haka zan ɗauki kaina har in mutu."

Ya kasa ɗaga ido. Ya tura mata kwano, ya ce ta ci kafin tuwon ya huce.