Mai Jiran Kwalekwale Ranar Talata

Tana tsaye a bakin teku, takalma a hannu, akwatinta mai taya ya kafe a yashi. Siririya ce, iskar gishiri ta cukurkuɗe mata gashin kanti. An ce ita ce ungozomar da aka turo ɗakin shan maganinmu, inda ba wuta ba ruwa, sai ƙadangaru. Da gani ta ƙoshi da mu. Sai ɗaga waya take sama tana neman sabis; wataƙila wani saurayin birni ya gaji da jira.

Ta tambayi tsoho Egya Bentsil mai gyaran taru, "Baba, yaushe kwalekwale zai tashi?"

"Yau Talata, 'yata, teku na hutawa. Hanyar mota kuwa ruwa ya cinye."

Na leƙo daga rumfar bandar kifina. "Zauna, 'yar birni. Ni ma ziyara na zo garin nan da ƙuruciyata, yanzu ga jikokina can."

Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan Araba, maƙwabciyata, da ke wucewa da tsohon ciki tana dafe da ƙugu.

"Iya, in na tafi wa zai karɓi haihuwarta?"

"Ni, da idon nan da ba ya bambanta kifi da ƙaguwa."

Ta dube ni, ta dubi teku, ta ce in nuna mata gidan Araba.