Mai Rabon Ruwa Ya Sha Daga Ƙarshe

Jiya a kasuwar Goronyo na ga wani ya danne ƙullin sukari da haƙori yana kurɓar shayi, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Haka yake shan nasa, tun da ya dawo karatun noman rani daga Rasha.

Shekarar da albasarmu ta ƙone a Magarya, mun taru mun tsige mai rabon ruwa saboda son kai, matasa na ihu a naɗa mafi zafinmu. Kawu na zaune bakin kwalbati, yana ƙamshin citta da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ya ce, "Ɗiyana, can Rasha yunwa ta sa talakawa sunka tuɓe sarkinsu. Waɗanda sunka hau da sunan talaka, rumbun talaka sunka fara kwashewa. Mi za ya hana naku?"

Ya ce duk wanda aka naɗa, gonarsa ce za ta sha ruwa daga ƙarshe. Masu neman kujerar suka janye ɗaya bayan ɗaya, shi ya karɓa. Har ya rasu albasarsa ce mafi ƙanƙanta a fadamar.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa shi sahun farko a tafkin Alkausara.