Dariyar Mai Raino

Da na dawo daga karatu gidan yayana na sauka, a nan na san matar da kowa ke kira Inna. Ita ke rainon 'yarsa tun ranar da aka dawo da ita daga asibiti. Doguwa ce mai wushirya, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma in ta yi dariya har bakin titi ana ji.

Wannan dariyar wani mai shirya fim ya ji a cikin motar haya. Ya kai ta wani ɗaki da aka manne bangonsa da soso, ya yi ta ba ta labaran shirme tana ƙyaƙyatawa yana ɗauka. Bai gaya mata abin da zai yi da muryar ba. Ya ja ta a kwamfuta, ya ƙara mata amo, ya sa ta a bakin wata aljana mai shayar da jarirai jini.

Da na ga fim ɗin na neme shi, na tambaye shi me ya sa dodon 'yan fim kullum mace ce, kuma mai goyo. Ya ce ƙato da adda ba ya hana kowa barci. Wadda ta goya ka, ita ce ka taɓa zama a hannunta ba ka da ta cewa, kuma jiki ba ya mantawa.

Fim ɗin ya bazu a wayoyi. Mai shago ya riƙa tsokanarta, wai ta yi masa guda ɗaya ya yafe mata sabulu. Maƙwabta kuwa suka fara janye yaransu daga matakalar benenmu in ta taho. Wata ta ce wa matar yayana irin wannan dariya ba koyonta ake yi ba.

Da yarinyar ta kwanta zazzaɓi, matar yayana ta tsaya a ƙofar kicin.

"Inna, ba korarki na yi ba. Ki ɗan je ki huta."

"Uwar ɗakina, wa zai ba ta magani? A hannuna kaɗai take sha."

"Abin da ke damuna ke nan."

Inna ta ninke zanin goyon, ta ajiye a kan kujera, ta fita.

Yarinyar ta ƙi magani, ta ƙi abinci, sai kallon ƙofa. Na ce kewa ce, a kira Inna. Ba a kira ta ba. A matakala ana cewa ai ga shi nan, ta tafi da kurwar yarinya.

Ɗazu da hantsi na bi ta layin da Inna ke haya. Maza uku na tsaye a ƙofar ɗakinta, ba wanda ya yi sallama a cikinsu.